DARASI: BAGADEN DA KE BAKIN URDUN
Ƙauna da haɗin kai a lokacin siyasa da yawan labarai

Karatu: Joshuwa 22:10-34, Ayyukan Manzanni 6:1-7, Luka 6:12-16

Gabatarwa



Duk wanda ya saba halartar Mas a Dutsin-Ma ya san irin taron da ke cika majami'a ranar Lahadi. Ga Hausawa manoma da suka taso daga ƙauyukan kewaye, ga 'yan kasuwa Ibo, ga Tibi da Idoma da mutanen kudancin Kaduna, ga ɗalibai da malamai na Jami'ar Tarayya da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga ma'aikatan gwamnati da aiki ya kawo. Ba harshe ɗaya muka sha a nono ba, ba kuma akwati ɗaya hankalinmu yake karkata ba idan zaɓe ya zo. Amma bagade ɗaya muke fuskanta, gurasa ɗaya muke karɓa.

Bayan zaɓen 2023 mun ga wani abu da har yanzu bai bar zuciyarmu ba. Wasu dattawa biyu na Zumuntar Maza, waɗanda ɗayansu shi ne uban baftismar ɗan ɗayan, suna zaune a benci ɗaya kamar yadda suka saba. Da lokacin gaisuwar salama ya yi, sai ɗayan ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa, bai ɗago ba sai da aka soma waƙar Ɗan Rago na Allah. Bayan haka dukansu biyu suka shiga layi suka karɓi Jibin Ubangiji. Da muka bi sawun maganar, sai muka tarar ba bashi ba ne, ba gona ba ce, ba kuma maganar aure ba. Wani saƙon murya ne da aka tura a zauren WhatsApp na zumunta, wanda babu ko ɗayansu da ya san mai muryar.

Saboda wannan, kuma ganin cewa zaɓen 2027 yana tafe, muka ga ya dace mu zauna tare a gaban Maganar Allah mu yi wannan tambaya: yaya Kirista zai saurari labarai kowace safiya, ya riƙe ra'ayinsa na siyasa da gaskiya, amma kada ya yi hasarar ɗan'uwansa?

1. Ba yau aka fara ba

Waiwaye adon tafiya. Ƙasarmu ta Katsina ta daɗe da sanin siyasa, daɗinta da ɗacinta. Dattawa suna ba da labarin zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950, yadda gaba ta shiga gidaje har aure ya mutu, har maƙwabci ya ƙi zuwa sunan maƙwabcinsa. A Jamhuriya ta Biyu, lokacin muna cikin Jihar Kaduna, rikicin NPN da PRP ya kai ga tsige Gwamna Balarabe Musa a 1981. A wancan zamani ne kuma Alhaji Waziri Ibrahim ya yi ta kiran a yi siyasa ba da gaba ba, kiran da mutane suka haddace a baki amma kaɗan suka aikata. Ɗan wannan yanki ne ma, Alhaji Ahmadu Kurfi, ya riƙe muƙamin sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO wadda ta gudanar da zaɓen 1979. Sannan Dutsin-Ma ta ba jiha gwamna, Ibrahim Shehu Shema, daga 2007 zuwa 2015.

Mun kuma ga inda gaba take kai mutane. A watan Afrilu 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, tarzoma ta ɓarke a jihohi 12 na Arewa, har da tamu, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 800 suka rasa rayukansu, Musulmi da Kirista. Kusa-kusan nan, ranar 1 ga Agusta 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a nan Dutsin-Ma har gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a ƙaramar hukumarmu. Waɗanda suka kwana a gari a ranar sun tuna yadda wayoyi suka yi ta ƙara, kowane saƙo yana faɗin abin da ya fi na baya muni, alhali ba mai iya leƙawa waje ya ga gaskiyar abin.

Abin da ya sake tsakanin jiya da yau shi ne saurin labari. Iyayenmu sukan jira Gaskiya Ta Fi Kwabo ta iso, ko su kewaye akwatin rediyo ɗaya da magariba su ji Kaduna ko BBC, sannan su tattauna ido da ido a dandali. Wanda ya ƙara gishiri, akwai mai tsawata masa nan take. Yau labari yana iske mutum shi kaɗai a kan gadonsa, kafin ya yi addu'ar safe, kuma sau da yawa an riga an zuba masa yaji don ya tayar da hankali, domin saƙon da ya fi ba da haushi shi ya fi yawo.

2. Labarin bagade

Littafin Joshuwa, sura 22, ya ajiye mana wani labari da ba a cika karanta shi a majami'a ba, amma kamar don zamaninmu aka rubuta shi.

Bayan an gama yaƙin mallakar ƙasar alkawari, Joshuwa ya sallami kabilar Ra'ubainu da ta Gad da rabin kabilar Manassa su koma gidajensu a hayin gabas na Kogin Urdun. Waɗannan mutane sun bar matansu da 'ya'yansu shekara da shekaru suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa da 'yan'uwansu. Joshuwa ya yaba musu, ya sa musu albarka. Da suka isa bakin kogin, sai suka gina wani babban bagade wanda ake hangowa daga nesa.

Labari ya kai wa sauran kabilu. Shari'a kuwa ta hana miƙa hadaya ko'ina sai a wurin da Ubangiji ya zaɓa. Nan da nan suka yanke cewa 'yan'uwansu sun yi tawaye ga Allah, suka taru a Shilo da shirin yaƙi. Mutanen da jiya suke cin tuwo a akushi ɗaya a sansani, yau ga su suna wasa takuba domin juna.

Abu ɗaya ya cece su. Kafin su tashi, sai suka aiki Finehas ɗan Ele'azara firist, tare da shugabanni goma, su je su ji ta bakin waɗanda ake zargi. Finehas bai je da lallami ba. Ya faɗi zargin ƙiri-ƙiri, ya tuna musu da masifar da zunubin Feyor ya jawo, da yadda laifin Akan shi kaɗai ya shafi jama'a duka. Amma ya haɗa da wani tayi mai tsada: idan ƙasarsu ce ba ta yi musu ba, su ƙetaro a raba musu wuri a cikin rabon sauran kabilu.

Sai mutanen gabas suka ba da amsa. Ba domin hadaya suka gina bagaden ba. Tsoro ne ya sa su. Sun ji tsoron kada wata rana 'ya'yan mutanen yamma su dubi 'ya'yansu su ce kogi ya raba mu, ba ku da rabo a cikin Ubangiji. Sun gina shi ya zama shaida ga jikoki cewa su ma na gida ne. Da Finehas ya ji haka, ransa ya yi fari. Ya koma ya faɗa wa jama'a, suka yabi Allah, maganar yaƙi ta mutu.

3. Labari na gaskiya, fassara ta ƙarya

Mu lura da kyau: labarin da ya kai Shilo ba ƙarya ba ne. Bagaden yana nan, kowa na iya zuwa ya taɓa duwatsunsa. Da a ce da waya a lokacin, da an ɗauki hotonsa, hoton kuwa ba na jabu ba ne. Abin da ya kusa zubar da jini shi ne fassarar da aka yi wa zuciyar masu ginin. Abin da aka gina domin neman zumunci, shi aka karanta a matsayin alamar ɓallewa.

Yawancin abin da ke raba mu ke nan. Muna yawan gargaɗi a kan labaran ƙarya, kuma ya kamata, gama ana ɗauko hoton wata ƙasa ko na shekarun baya a ce jiya ne a garin kaza. Amma wanda ya fi wuyar ganewa shi ne labarin gaskiya da muka ɗora masa mugun nufi. Gaskiya ne wane ya zaɓi jam'iyyar kaza. Amma da muka ce ya sayar da bangaskiyarsa, wa ya gaya mana? Gaskiya ne wance ta tafi taron ɗan takarar kaza. Amma da muka ce ƙabilanci ne ya kai ta, mun tambaye ta?

A zaɓen 2023 Katolika sun rarrabu, kuma kowane ɓangare da dalilinsa. Wani ya dubi yadda wata jam'iyya ta tsayar da Musulmi biyu, ya ji a ransa irin tsoron mutanen Ra'ubainu, wato kada a wayi gari a ce wa 'ya'yansa ba su da rabo a ƙasar. Wani manomi kuma, wanda 'yan bindiga suka hana shi zuwa gonarsa damina biyu, bai dubi addinin kowa ba, ya bi wanda yake zaton zai buɗe masa hanyar gona. Wani matashi ya gaji da tsofaffin fuskoki duka. Wani ma'aikaci ya tuna wanda ya biya shi albashi a kan kari. Ana iya cewa wani ya fi wani hangen nesa, a yi ta muhawara a kan haka har dare. Amma ba a iya cewa ɗaya Kirista ne, ɗaya Yahuza.

Eklisiya tana lissafa wannan a ƙarƙashin doka ta takwas, wadda ta hana shaidar zur. Katikizim na Eklisiyar Katolika, daga lamba 2477 zuwa 2478, ya ambaci laifuffuka uku: yanke wa mutum hukunci da gaggawa ba tare da isasshen dalili ba, tona aibinsa ga waɗanda ba ruwansu, da yi masa ƙage. Ya kuma koyar cewa wajibi ne mu nemi kyakkyawar fassara ga maganar maƙwabci da aikinsa muddin akwai hali, idan kuwa ba mu samu ba, mu tambaye shi abin da yake nufi. Wannan doka ba ta tsaya ga baki kaɗai ba. Ɗan yatsan da ya tura saƙo ya yi shaida, ko da ba shi ya ƙirƙiro maganar ba. Cewa “yadda aka turo mini haka na tura” ba ya wanke kowa, kamar yadda wanda ya ɗauki garwashi daga murhun wani ya jefa a danga ba zai ce ba shi ya hura wutar ba. Magana zarar bunu ce.

Kada kuma mu ɗauka baftisma kaɗai za ta tsare mu daga wannan cuta. A watan Afrilu 1994, a daidai lokacin da bishop-bishop na Afirka suke taro a Roma suna kiran Eklisiya iyalin Allah, a Ruwanda, ƙasar da Katolika suka fi kowace ɗarika yawa, maƙwabta suna kashe maƙwabta, wani lokaci a cikin majami'u. Kafin a ɗauki adda, wani gidan rediyo mai suna RTLM ya yi watanni yana koya wa mutane su daina ganin maƙwabtansu a matsayin mutane. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma harshe ne ke fara tsaga bangon.

4. Haɗin kai ba rufe baki ba ne

Wani zai ce, to, Fada, mu daina maganar siyasa gaba ɗaya, mu zauna lafiya. Wannan ba koyarwar Eklisiya ba ce. Siyasa ita ce ke yanke ko za a sami magani a asibiti, ko yara za su sami malami, ko manomi zai kai buhunsa kasuwa lafiya. Madatsar ruwa ta Zobe tana nan a gefenmu ta ishe mu misali. An gama gina ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin kai ruwanta ga garuruwa. Yaron da aka haifa shekarar da aka gama ginin ya kusa shekara arba'in kafin wannan rana. Irin wannan jinkiri ba ya faruwa sai inda jama'a suka shagala da zagin juna suka manta da tambayar shugabanni. Katikizim, a lamba 2240, ya sa jefa ƙuri'a cikin wajiban ɗan ƙasa. Kiristan da ya ƙi karɓar katin zaɓe da sunan tsarki ya bar gonarsa ga birai.

Mu dubi Ayyukan Manzanni sura 6. Eklisiya tana jaririya a Urushalima, sai gunaguni ya tashi. Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Maganar harshe ce da asali, maganar rabon dukiya ce, wato dai siyasa ce tsantsa. Manzanni ba su ce a yi shiru don kada a ɓata zumunci ba. Ba su kuma zargi masu kuka da raba kan jama'a ba. Sun tara kowa, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida a danƙa musu aikin. Idan muka karanta sunayen bakwai ɗin, daga Istifanas har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, za mu ga duka sunayen Helenanci ne. Da alama masu rinjaye sun miƙa maɓallin rumbu ga ɓangaren da ya yi kuka. Littafin ya ce bayan haka Maganar Allah ta yi ta yaɗuwa.

Saboda haka idan akwai zalunci, mu faɗa. Idan an hana wata al'umma filin gina majami'a, ko an tsallake ɗanta wajen ɗaukar aiki saboda sunansa, faɗin haka ba raba kai ba ne. Idan kuma a cikin majalisar ikilisiyarmu wata ƙabila ce kullum ke riƙe da jaka, wata kuma kullum shara, mu gyara tun kafin gunaguni ya zama gaba. Ma'aunin gaskiyarmu shi ne wannan: muna iya faɗin laifin ɗan takararmu kamar yadda muke faɗin na ɗan takarar wani? A ranar rantsar da shi, 29 ga Mayu 2007, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan jiharmu, ya amsa a gaban duniya cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai, sannan ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais domin gyara tsarin zaɓe. Idan mai mulki ya iya faɗin haka a kan nasararsa, mu da ba mu samu ko kujerar kansila ba, me zai hana mu?

5. Teburi ɗaya

Luka ya gaya mana cewa Ubangijinmu ya kwana yana addu'a kafin ya zaɓi sha biyun nan. Ba da kuskure ya zaɓe su ba. A cikinsu akwai Matiyu mai karɓar haraji, mutumin da yake ci daga hannun masu mulki, wanda jama'a suke ganinsa ɗan koren Romawa. Akwai kuma Saminu da ake kira Zaloti, laƙabin masu zafin kishin al'umma da Shari'a, irin waɗanda ba sa ko son inuwa ta haɗa su da mai karɓar haraji. Bishara ba ta ce sun zama masu ra'ayi ɗaya ba. Abin da muka sani shi ne Yesu ya wanke ƙafafun dukansu biyu da ruwa ɗaya, ya miƙa musu ƙoƙo ɗaya. A daren nan ne kuma, kamar yadda Yahaya ya rubuta a sura 17, ya yi addu'a domin almajiransa su zama ɗaya, ya kuma ɗaura bangaskiyar duniya a kan wannan haɗin kai.

Wannan ne dalilin da dokar Eklisiya, a lamba 287, ta hana limamai shiga harkar jam'iyya. Ba tsoro ba ne. Firist uba ne ga Matiyu da Saminu duka, kuma dole kowannensu ya iya durƙusawa a gabansa ya furta zunubansa ba tare da tunanin hular da ya sa ranar yaƙin neman zaɓe ba. Daga mumbari za mu yi magana a kan gaskiya da adalci, da hakkin matalauci, da zunubin sayar da ƙuri'a domin taliya da sabulu. Amma ba za mu ɗaga hannun kowa a gaban bagade ba, kuma muna roƙon ku kada ku mai da zumuntocinmu da ƙungiyar mawaƙa ofishin wata jam'iyya.

Aikin Eklisiya shi ne na Finehas: ta tsaya a tsakani ta sa 'yan'uwa su ji juna. Mun ga haka a ƙasarmu. Gabanin zaɓen 2015, Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa, ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, tare da Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, wanda a lokacin shi ne bishop ɗinmu, ya sa manyan 'yan takara suka sa hannu a kan alkawarin zaman lafiya. Ranar 31 ga Maris 2015, tun kafin a gama bayyana sakamako, Shugaba Goodluck Jonathan ya buga wa Janar Muhammadu Buhari waya ya taya shi murna. Waɗanda suka riga suka ɗaure kayansu domin gudu suka kwance. Kiran waya ɗaya, na 'yan mintoci, ya tsare rayukan da Allah kaɗai ya san yawansu.

6. Hawaye ba su da jam'iyya

Ƙaunar da muke magana a kai ba ta tsaya a ƙofar majami'a ba. Mu 'yan tsiraru ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, kuma masifa ɗaya ta same mu. A watan Mayu 2021 'yan bindiga suka shiga gidan limamai a Malumfashi suka kashe Fada Alphonsus Bello. A watan Mayu 2022 suka sace limamai biyu a Gidan Mai Kambu cikin ƙaramar hukumar Kafur. A watan Agusta 2025 kuma suka buɗe wuta a kan masu sallar asuba a masallacin Unguwar Mantau, a ƙasar Malumfashi ɗin dai, suka kashe mutane da yawa. Tun kafin nan, a watan Disamba 2020, sun kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara. A 2023 sun sace ɗalibai mata na jami'armu a nan Dutsin-Ma.

Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: wanne daga cikin waɗannan labarai ne ya hana mu barci, wanne kuma muka karanta muka wuce? Idan sai mun ji sunan mamaci da addininsa kafin mu san ko za mu yi kuka, to, labarai sun riga sun ɓata mana zuciya. Paparoma Francis, a wasiƙarsa Fratelli Tutti ta 2020, ya gina koyarwarsa a kan misalin Basamariye mai tausayi, mutumin da bai tambayi asalin wanda ke kwance a gefen hanya ba. A 2018, a Jihar Filato, wani limamin masallaci, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Wannan dattijo ya yi mana wa'azin Luka sura 10 da jikinsa.

Allah ya yi mana alheri a 2023, aka ba mu Dayosis na Katsina, aka naɗa mana Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, ya zama makiyayinmu na fari. Dayosis ɗinmu ƙarami ne, sabo ne kuma. Irin tubalin da muka aza yanzu, a kansa jikokinmu za su yi gini. Idan suka gaji majami'a mai benci na 'yan wannan jam'iyya da benci na 'yan waccan, mu ne za mu amsa.

7. Abin da za mu yi

Na ɗaya, Maganar Allah ta riga waya shiga kunnenmu da safe. Wanda ya fara da addu'a, labari zai same shi a tsaye.

Na biyu, kafin mu tura kowane saƙo mu tambaya: wa ya faɗa, yaushe, a ina, wani gidan labarai sananne ya tabbatar? Idan saƙon ya sa jininmu ya tafasa, mu bar shi ya kwana. Gaskiya ba ta rubewa kafin safiya.

Na uku, idan maganar ta shafi ɗan'uwa da muka sani, mu taka mu je. Zumunta a ƙafa take, gani kuma ya kori ji. Matiyu 18 ya shimfiɗa mana hanya: mu da shi tukuna, sannan da shaidu, sannan ikilisiya. Zauren WhatsApp ba ya cikin matakin farko.

Na huɗu, kada siyasa ta hana mu zuwa suna, ko biki, ko gaisuwar mutuwa, na Kirista ko na Musulmi. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma baki ɗaya suke kwana.

Na biyar, mu yi addu'a domin masu mulki da sunayensu, musamman waɗanda ba mu zaɓa ba, kamar yadda Manzo Bulus ya umarci Timoti.

Na shida, wanda ya san ya ɓata sunan wani, ya zo Sakramen na Tuba, sannan ya koma inda ya yi ɓarnar ya gyara a gaban waɗanda suka ji.

Game da dattawan nan biyu, katikis ne ya zama musu Finehas. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin gidajensu har ya zaunar da su a kan tabarma ɗaya. Sai ga shi kowannensu ya ɗauka ɗayan ne ya sa aka tura saƙon domin a ci masa fuska, alhali wani yaro ne ya tura ba tare da ya saurara har ƙarshe ba. Har yau ba su yarda da juna a kan ɗan takara ba, kuma mai yiwuwa a 2027 ma layi daban za su bi da zuciyarsu. Amma igiyar takalmin nan ta daina kwancewa a lokacin gaisuwar salama.

Tambayoyi domin tattaunawa a zumunta

1. Wane tsoro ne ya sa mutanen gabas suka gina bagade, wane tsoro ne kuma ya sa mutanen yamma suka ɗauki makamai? Wanne ne ya fi kama da namu?
2. Mun taɓa tura saƙon da daga baya ya zama ƙarya? Me muka yi domin gyara?
3. Akwai wani kuka na gaskiya a ikilisiyarmu da muke dannewa da sunan zaman lafiya?
4. Wane ne zai iya zama Finehas a unguwarmu, kuma yaya za mu goyi bayansa?

Addu'a

Ya Allah Uba, kai da ka tara mu daga harsuna dabam-dabam ka zaunar da mu a teburin Ɗanka, ka tsare kunnuwanmu daga jita-jita, ka tsare harsunanmu da yatsunmu daga shaidar zur. Ka ba mu ƙarfin hali mu faɗi gaskiya ko a kan namu, da tawali'u mu saurari wanda muka saɓa da shi. Ka ta'azantar da dukan masu makoki a ƙasar Katsina, ka komo da waɗanda ke hannun masu garkuwa, ka ba shugabanninmu tsoronka. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.